Duba Rubutu Kafin Ya Bar Hannu

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci har ya karɓi takardar shaidarsa ya san wuyar da ya sha kafin baƙaƙe su tsaya masa wuri ɗaya. Namiji ya taso daga gona a gajiye, mace ta sauke tukunya ta sallami yara, sa'an nan a zo a zauna gaban allo ana ba, be, bi, bo, bu, wata da watanni, har ranar da Allah ya buɗe ido. To, idon ya buɗe. Me aka tanadar masa ya karanta? Abin da nake so mu auna ke nan, kuma ba zan tafi da ku nesa ba. Ƙasarmu ta kudancin Kano ta ishe mu misali, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Rubutun boko dai ya yawaita a ƙasar nan fiye da kowane zamani da ya wuce. Ga allunan shaguna da na masu magani, ga sanarwa a bangon asibiti, ga katin ɗaurin aure, ga takardun 'yan siyasa liƙe a jikin kowace bishiya, ga kirari a bayan manyan motoci, ga littattafan hikaya, ga kuma saƙon waya wanda ya fi su duka yawa. Wannan abin godiya ne, domin kakanninmu ba su ga haka ba. Amma in mutum ya tsaya ya karanta su a tsanake, tun daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, zai tarar da aibi guda wanda ya game mafi yawansu. An rubuta su, ba a duba su ba. Mai rubutu ya ɗora alƙalami, ya ɗauke, ya miƙa, bai waiwaya ba.

Wani zai ce, ai ana ganewa. Bari mu gwada mu gani. A ce wani magidanci ya tafi cin rani Legas, ya aiko wa ɗansa kuɗin taki ya kai wa uwarsa. Bayan kwana biyu sai ƙaninsa ya rubuto masa cewa, "Yaron nan ya bata kudin." To, ya kai mai karatu, me yaron ya yi? In nufin mai wasiƙa shi ne "ya ba ta kuɗin", yaro ya cika amana, sai a sa masa albarka. In kuwa nufinsa "ya ɓata kuɗin", yaro ya yi ɓarna, damina za ta wuce gona ba taki, kuma uba zai kwana da baƙin ciki a ƙasar mutane. Tsakanin albarka da fushin uba babu kome sai 'yar ƙugiya a kan baƙi ɗaya, ko 'yar tazara tsakanin kalma biyu. Mai wasiƙar bai sa ko ɗaya ba. Kuma tun da ya rubuta "kudin" ba ƙugiya, mun san ba mai sa ƙugiya ba ne, saboda haka rashinta a kan "bata" ba ya zama hujja. Yanzu ɗauki wannan jimla ka sa "gona" a maimakon "kuɗi", ka ajiye ta cikin takardar da magada za su buɗe bayan mai ita ya kwanta dama, ka ga inda zancen zai kai.

Irin wannan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Hakimi ya shiga fada dabam, ya shiga faɗa dabam. Kura ta tashi a kasuwa, kowa sai ya nemi wurin gudu, amma ƙura ta tashi sai a rufe kayan miya. Magani ya kare, lafiya ta samu, magani ya ƙare, sai a koma kanti. Akwai baki da baƙi, akwai kafa da ƙafa, akwai kasa da ƙasa, akwai bari da ɓari.

Gwanin karatu, wanda ya shekara ashirin yana cin takarda, ba ya jin nauyin wannan ƙwarai, gama idonsa na tsallake kuskure, hankalinsa na cike gurbi tun bai sani ba. Wanda abin ke kayarwa shi ne sabon mai karatu. Shi yana bin baƙi ɗaya ɗaya kamar yadda malaminsa ya koya masa, yana kuma girmama takarda, bai taɓa zaton abin da aka buga da inji zai yi kuskure ba. In ya karanta bai gane ba, ba ya zargin marubuci, kansa yake zargi. Sai ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa, ya naɗe takarda ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, ya koma inda ya fito. Wannan ita ce hasarar da ta sa na ɗauki alƙalami. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ɗawainiyar yaƙi da jahilci tun cikin shekarun 1950, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ana koyar da mutane a aji, masu rubutun ganganci suna warware saƙar a waje.

Ƙa'idodin nan kuwa ba daga sama suka faɗo ba, wahala aka sha a kansu. Bature Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya kuma fito da dokokin rubuta Hausa a 1912. A wancan zamani, in ana son a bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, sai a ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi ko a sa 'yar alama a gabansa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933 a hannun Dokta R. M. East, kuma cikin shekarun nan na 1930 ne baƙaƙe masu ƙugiya suka zauna a littattafanmu. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita. Daga baya aka yi hukumar NORLA daga 1954 zuwa 1959, wadda ta riƙa buga wa larduna jaridunsu domin waɗanda suka gama ajin manya, ta Kano ita ce Sodangi. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake wani a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mu mutanen ƙasar Kano ma an yi mana gata, domin a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa. Basakkwace sai ya bar wani abu na bakinsa kafin ya rubuta daidai, mu kuwa kusan abin da muke faɗa shi ake rubutawa.

Abin mamaki shi ne, duba rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka kowace tsangaya a ƙasar Ƙiru ko Bebeji ka ga yadda ake yi. Almajiri ya rubuta allonsa, ba ya wankewa, ba ya ma fara biyawa, sai malam ya bi shi baƙi baƙi, wasali wasali. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya sa shi cikin gafaka sai ya ba 'yan'uwansa mahaddata sun bi shi sun tabbatar ba ragi ba ƙari. Kowane ɗan makarantar allo ya san ɗigo ɗaya a ƙasa ba ne, biyu a sama ta ne, ya kuma san a irin rubutunmu na nan fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa a sama. Ba wanda zai bar ɗigo ya ce ai ana ganewa. Lalle ba a haɗa Littafin Allah da wasiƙar cin rani, amma hannun da ya koyi wannan ladabi a allo, me ya sa in ya juya ga boko sai ya yar da shi? Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ita ce ɗigon boko. Waɗannan baƙaƙe ne masu zaman kansu, ba k da d da b ba ne aka yi wa ado.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne na inji. A zamanin tafireta uzuri ne mai ƙarfi, domin yawancin tafiretocin da ke ofisoshi na Turanci ne, sai akawu mai himma ya gama bugu ya ɗauki alƙalami ya bi yana lanƙwasa kawunan baƙaƙe da hannu. Yau wannan uzuri ya faɗi. Kwamfuta ta san baƙaƙen nan, wayar hannu ma ta san su, in mutum ya shiga wurin zaɓen harshe ya zaɓi Hausa zai same su. Mai fenti kuwa da yake rubuta allon shago da buroshi, shi wane inji ya hana shi?

Samari sun ɓullo da tasu dabara a waya, suna sa q a maimakon ƙ, su rubuta "qasa" da "qauna". Dattawan malamai na jin haushin wannan, amma ni ina ganin mai q ya fi mai k tsurarta kusa da gaskiya, gama ko ba kome kunnensa ya ji bambanci, ya kuma nemi hanyar nuna shi. Laifinsa guda ne, ya bar baƙin da ke akwai ya aro wanda ba a koya wa kowa a aji ba. Wanda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne mai rubuta "xan xo" alhali ga z a gabansa, da mai sa h a bayan c ya rubuta "chan" da "chiniki" don ya ga Turawa na yi. Wannan ba rashin kayan aiki ba ne, yanga ce, kuma tsohuwar da ta gama ajin manya a Doguwa, in jikanta ya aiko mata da irin wannan, ba abin da za ta iya yi da shi.

Kada kuma a dogara ga wayar ta gyara. Wadda aka saita da Turanci takan ɗauki kalmar Hausa lafiyayya ta mai da ita wata kalmar Turanci, mai ita bai lura ba ya aika. Ko wadda ta san Hausa ma, iyakarta ta gaya maka kalma kaza babu ita a ƙamus. To, "bata" kalma ce, "ɓata" kalma ce, "ba ta" ma daidai ne. Inji bai san ko yaro ya kai kuɗi ko ya cinye ba.

Amma in za a bi gaskiya, ɓarnar rashin ƙugiya ba ta kai ta raba kalma da haɗa ta ba, domin wannan har waɗanda suka yi makaranta mai zurfi tana kayar da su. Dubi katin biki, za ka ga "munason ganinku" a dunƙule kamar curin fura, a wani wurin kuma a yanka kalma guda biyu a rubuta "gidan sa". Ƙa'idar ba ta da tsawo. Abin da ke nuna mallaka manne shi ake yi, a ce gidansa, gonarta, garinmu. Wanda aiki ya faɗa wa kuwa ware shi ake yi, a ce ya gan shi, ta kira su, ya ba ta. Ana ware shi ne, ita ce, ni ma, za su. Ana haɗa yana, suna, yake, suke, yakan. Sai wadda ta fi wayo, watau "a kan" da "akan". In ka ce an ɗora tulu a kan dutse, kalma biyu ce. In ka ce akan yi sanyi a Doguwa, kalma ɗaya ce. Mai iya bambanta waɗannan biyu ya yi nisa.

Akwai wani gari a ƙasar Bebeji mai suna Anadariya, wanda shi kaɗai ya isa darasi. In ka shiga gidan biki ka tarar ana dariya, kalma biyu ka rubuta. In sunan garin kake nufi, ka haɗe shi ka fara da babban baƙi, gama ya zama suna. Tazara da babban baƙi su ke gaya wa mai karatu ko wuri ake nufi ko nishaɗi.

Tun da mun shiga sunayen garuruwa, bari in ɗan tsaya a nan. Hedikwatar Doguwa, garin kuza, Turawa masu binciken duwatsu sun rubuta shi Liruei a littattafansu, yau kuma za ka ga Ririwai a wata takarda, Riruwai a wata. Baƙo zai zaci gari uku ne. Wannan ba laifin ɗan aji ba ne, gado ne daga kunnen Bature, kamar yadda Sakkwato ta zama Sokoto, Zariya ta zama Zaria. Maganinsa a tambayi masu gari yadda suke kiran garinsu, a rubuta haka, a tsaya a kai. Sai kuma ɗabi'ar gutsure suna, a rubuta T/Wada. Ko an rubuta shi cikakke ma, akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a cikin Kano kanta, balle an gutsure. Tawadar da aka yi tsimi ba ta kai wahalar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Game da littattafai, hukuncina kashi biyu ne. Littattafan hikaya da suka ɓarke a Kano tun tsakiyar shekarun 1980 sun yi abin da hukuma ba ta iya ba, sun sa mata da 'yan mata karatu don marmari, har cikin ƙauyuka. Wanda ya raina su bai san aikin da suka yi ba. Amma da yawansu marubuci shi ne mai bugu, shi ne mai sayarwa, ba wani ido na biyu tsakanin alƙalaminsa da maɗaba'a. Sai ka ga labari mai daɗi, zance mai ratsa jiki, amma shafi guda kuskure ya fi ƙarfin yatsun hannu, aya ba ta nan, maganar mutum biyu ta cakuɗe a layi ɗaya. Ɗauki tsohon bugun Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ka kwatanta. Ba wai mutanen Zariya na wancan zamani ba sa kuskure ba ne, 'yan Adam ne. Bambancin shi ne a can rubutu yakan bi ta hannun edita, a buga gwaji, a karanta, a gyara, kafin a sake shi ga jama'a. Abin takaici, yarinyar da ta koyi karatu daga littafin da ba a duba ba, kuskuren take ɗauka ƙa'ida, ta kuma koya wa 'ya'yanta.

Ba na cewa ƙa'idar kanta ba ta da aibi. Tana da shi. Rubutunmu ba ya nuna jan wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, shi ya sa gado na kwanciya da gado na magada suke kama ɗaya a takarda, haka baƙi na launi da baƙi masu sallama. Har yau mu muna rubuta 'ya'ya da 'yar alama a gaban y, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa suna sa wa y ɗin ƙugiya. Masana kuma sun sauya ra'ayi a kan wasu abubuwa, shi ya sa za ka ga "ya ke" da "su ke" a ware cikin tsofaffin littattafai, yau kuwa a haɗe. Wanda ya koya a tsohon littafi bai yi laifi ba, kada yaro ya yi masa dariya. Sai dai wannan rauni hujja ce a kanmu, ba hujja ce gare mu ba. Tun da rubutun ya riga ya bar wa mai karatu aikin cankar murya da jan wasali, bai kamata a ƙara masa cankar baƙi da cankar iyakar kalma ba. Jakin da aka yi wa lodi har wuya ba a ɗora masa ƙarin dami.

Yaya ake dubawa? Ba a duba rubutu da zafinsa. In ka gama, ajiye shi ka yi wata hidima, ko da ta alwala ce, sa'an nan ka dawo. Karanta shi da ƙarfi, kana bin kalma da yatsa, ka faɗi abin da ke kan takarda, ba abin da ke zuciyarka ba. Inda numfashinka ya tsaya, nan aya take. Bi shi sau na biyu ba don ma'ana ba, sai don farautar k da d da b kaɗai, kowanne ka tambaye shi ko yana bin ka bashin ƙugiya. Sunan mutum da lambar kuɗi da ranar wata, waɗannan a duba su dabam, kuma a takardar ciniki ko ta jingina a rubuta kuɗi da lamba a sake rubuta shi da kalmomi. In kalma ta shige maka duhu, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, malaman Hausa na makarantun sakandare kuma ba su yi nisa ba.

Daga nan sai ka ba wani. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a wannan wuri halin nan amfani gare shi. Amma kada ka ba gwani kaɗai, gama gwani zai cike maka gurbi bai sani ba. Nemi wanda ya karɓi takardar shaidarsa bana, ka miƙa masa, ka rufe bakinka, ka saurara. Duk inda ya yi tuntuɓe ka sa alama, kada ka yi masa bayani, domin ba za ka bi takardar gida gida kana bayani ba. Ku kuma da kuka gama aji, in aka kawo muku takardar gona ko ta bashi a ce ku sa hannu, kuka ga kalma mai fuska biyu, kuna da iko ku ce a sake rubuta ta a gaban shaidu kafin ku dangwala yatsa.